Daga Lasifika Zuwa Saƙon Murya: Yadda Wayar Hannu Ta Kutsa Siyasar Arewa

A watan Yulin 2022, ana tsakiyar shirye-shiryen zaɓen shugaban ƙasa, Alhaji Atiku Abubakar ya yi hira da gidan talabijin na Arise, aka taɓo masa batun guguwar magoya bayan Peter Obi da ta cika intanet. Wazirin Adamawa ya nuna abin bai dame shi ba. Cikin hujjojin da ya kawo har da cewa kashi 90 cikin ɗari na mutanen Arewa ba sa bin soshiyal midiya. Maganar ta tayar da ƙura, matasan Arewa da dama suka ji an raina su, aka kwana biyu ana ce-ce-ku-ce a kanta.

Idan masu shafin Twitter yake nufi, ba za a ce ya yi nisa da gaskiya ba. Sai dai lissafin nasa waya ya ƙirga, bai ƙirga kunne ba, kuma a Arewa kunne ne ke yin siyasa.

Je ka teburin mai shayi bayan sallar isha'i, a Fagge ko Tudun Wadar Zariya ko bakin tashar wani ƙauye a Jigawa. Za ka tarar da mutum goma sha wani abu a kan benci. Uku ne ke da babbar waya, ɗaya ne kawai yake da data a wannan daren. Sai ya ƙure ƙarar wayar, ya jingina ta da gwangwanin madara, wata murya ta fara: "Assalamu alaikum jama'ar Annabi, don girman Allah duk wanda wannan saƙo ya iske ya tura wa 'yan'uwa." Minti uku ana sauraro, babu mai tari. Dattijon da ke gefe, wanda wayarsa ƙarama ce mai tocila, ya ce, "Yaro, mayar mana baya, ban ji sunan wanda ya ci kuɗin ba." Gobe da asuba shi zai ba da labarin a ƙofar masallaci, da hantsi maiɗakinsa ta kai shi gidan suna. Wanda ba shi da data a tura masa ta Xender. Wanda ke ƙauyen da sabis ba ya kamawa ya kai mimorinsa rumfar masu cajin waya ranar kasuwa, a zuba masa waƙoƙi da wa'azi da bidiyon 'yan siyasa a dunƙule. Duk waɗannan mutane babu sunansu a wani shafi, amma abin da aka ƙulla a shafin ya iso kunnensu kafin labaran rediyo na safe.

Wannan ne ya bambanta shigar intanet siyasar ƙasar Hausa da shigarta siyasar Amurka ko Ingila. A can rubutu da tallan da ake auna wa kowane mutum a shafinsa ne suka yi tasiri. A nan murya ce. Saƙon murya na WhatsApp da gajeren bidiyon TikTok sun tsallake katangar karatun boko gaba ɗaya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe jarida ba tana iya danna alama guda ta ji, ta kuma danna ta mayar da martani.

Sojojin baka sun samu sabon fili

Yaƙin baki ba baƙo ba ne a siyasarmu. Tun kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, waƙa da habaici da lacca a dandali su ne makaman talakan da ba shi da jarida ba shi da fada. Su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da alƙalami da murya suka yi gwagwarmaya, NPC ma tana da nata mawaƙan. Daga baya lasifika ta hau kan mota, kaset ya zo ya wuce. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, Freedom a Kano a 2003 sannan saura suka biyo, sai aka samu wani rukuni na mutane da sana'arsu ita ce shiga shirin siyasa da daddare su kare ubangidansu su caccaki abokin hamayyarsa. Kanawa suka laƙaba musu suna sojojin baka.

Intanet ta tarar da wannan runduna a shirye, ta cire mata shinge biyu. A rediyo sai an sayi fili, kuma akwai mai gabatarwa da zai katse ka idan ka zarce, akwai hukumar NBC da ke sa wa gidan ido. A Facebook babu kuɗin fili, babu mai katsewa. Waƙar da Dauda Kahutu Rarara ya saki da safe, kafin la'asar an yanka ta gunduwa-gunduwa, 'yan mata da samari suna hawa kanta a TikTok, masu adaidaita-sahu suna kunna ta a kan titi.

'Yan siyasar sama sun gane haka da wuri. A ranar 15 ga Satumban 2010 Goodluck Jonathan ya bayyana takararsa ta shugaban ƙasa a shafinsa na Facebook, a daidai ranar da Janar Ibrahim Babangida ya tara jama'a a dandalin Eagle da ke Abuja don ƙaddamar da tasa. Rubutu guda ya raba hankalin 'yan jarida gida biyu. A watan Janairun 2012, da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, da saƙonnin waya da Facebook da BlackBerry matasa suka kira juna zuwa shataletalen Silver Jubilee a Kano da sauran biranen ƙasar, har gwamnati ta sauko da farashin zuwa 97. Kafin zaɓen 2019 kuwa abin ya zama tsari. Wani bincike da cibiyar CDD ta Abuja ta yi tare da masana daga Jami'ar Birmingham, a jihohin Kano da Oyo, ya nuna yadda manyan jam'iyyun biyu suka shimfiɗa zaurukan WhatsApp hawa-hawa, daga ƙasa zuwa jiha, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa. A jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, saƙon da aka rubuta a wani ofis a Abuja yana iya sauka a wayar shugaban matasan mazaɓa cikin 'yan mintoci.

Daga nan sana'a ta tsaya da ƙafarta. Yau kowane ɗan takara, daga kansila zuwa sanata, yana da "'yan midiyarsa". Ƙananan ana sallamarsu da kuɗin data da ɗan abin sawa a aljihu. Matsakaita su samu waya sabuwa ko babur. Manyan, masu mabiya dubu ɗari-ɗari, su ne ake kira otal a zauna da su. A watan Janairun 2023 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda jam'iyyu ke biyan irin waɗannan a asirce don yaɗa labaran ƙarya a kan abokan hamayya, inda wasu da aka zanta da su suka ce kuɗin kan kai naira miliyan 20, wani lokaci kuma a biya da kwangila ko muƙami. Idan an ci zaɓe sai ka ga jerin sunayen mataimaka na musamman kan kafafen sada zumunta, kowa ya san aikin da aka saka wa.

Ba na ganin laifin saurayin da ya gama jami'a shekara biyar babu aiki, aka miƙa masa dubu goma ya rubuta yabo. Laifin yana wuyan wanda ya mayar da shi haka, ya ga cewa ya fi masa araha ya sayi bakin yaro da ya gina masa makarantar koyon sana'a. Amma ɓarnar tana nan ko da wa za a ɗora wa. Mai karatu ba ya iya bambance ra'ayin da ya fito daga zuciya da wanda aka biya, don haka ya daina yarda da kowa. Duk wanda ya yi suka sai a ce an saye shi, duk wanda ya yaba sai a ce ya karɓa.

Ƙarya da Hausa ta fi wuyar kamawa

A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya shafe watanni yana jinya a Landan. Daga nan aka ƙirƙiro labarin cewa ya rasu, an kawo wani mai kama da shi daga Sudan, wai shi Jibril, an zaunar a fadar Aso Rock. Nnamdi Kanu na ƙungiyar IPOB ya yi ta yayata shi, aka haɗa da hotunan kunne da tafin hannu ana gwadawa. Labarin ya yi ƙarfin da a watan Disambar 2018, a ƙasar Poland, sai da shugaban ƙasa da kansa ya tsaya gaban 'yan Najeriya mazauna can ya ce shi ne dai, ba wani ba. Tun kafin wannan, a zaɓen 2015, wani attajirin Najeriya ya ɗauko hayar kamfanin Cambridge Analytica na Ingila don ya yi wa Jonathan aiki, aka yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan zubar da jini don tsorata masu zaɓe da Buhari da shari'ar Musulunci. Sai a 2018 asirin ya tonu a jaridun Birtaniya, kuma ba a nuna cewa Jonathan ya san da aikin ba. Ana jajibirin zaɓen 2023 kuma aka saki wani sauti da aka ce muryar Atiku ce da Aminu Tambuwal da Ifeanyi Okowa suna ƙulla maguɗi. Masu tantance labarai suka bi diddigi suka ce haɗa shi aka yi, amma kafin bayaninsu ya fito sautin ya riga ya zaga.

Wani lokaci abin ya wuce ɓata suna. A rikicin Filato na watan Yunin 2018 an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ma ba daga Najeriya suke ba, aka ce kisan da wani ɓangare ya yi wa wani ne. 'Yan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya a kan matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba.

Kamfanonin da ke da waɗannan shafuka sun fi sa ido a kan Turanci. Na'urarsu tana iya kama zagi da Ingilishi, amma ina za ta gane habaici, ko karin maganar da Bakano ya san kiran tashin hankali ce? Saƙon WhatsApp kuwa a kulle yake, kamfanin da kansa ba ya jin abin da ke ciki. Abin da ya iya yi shi ne taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a farkon 2019, wanda bai hana mai zauruka talatin ya yi turawa shida ba. Akwai masu ƙoƙari a gida: cibiyar CITAD a Kano ta daɗe tana bibiyar kalaman ƙiyayya, Dubawa da sashen Hausa na BBC suna tantance labarai. Sai dai gyaran yakan zo a rubuce, ƙaryar kuwa da murya ta zo, muryar da ta yi sallama ta ambaci Allah. Kuma wanda ya turo maka ita yayanka ne ko limamin unguwarku, mutumin da ba ka iya ce wa ya yi ƙarya.

Harshen ba ya tsayawa a kan iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da soja, saƙonnin malamai da na talakawa da Hausa sun yi ta kai-komo tsakanin Maraɗi da Katsina, Damagaram da Kano, Ƙonni da Sakkwato, suna cewa ba za a yaƙi 'yan'uwa ba. A Disambar 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa. Guntayen hirar suka mamaye wayoyin Arewa, har sai da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya fito shi ma da Hausa ya musanta. Gwamnatoci biyu suna jayayya, kowacce tana neman kunnen mai shayin nan da abokan hirarsa.

Hayaniya ta ƙaru, layin zaɓe ya ragu

To duk wannan yana kawo ƙuri'a? Zaɓen 2023 ya ba da amsa mai fuska biyu. Peter Obi, wanda aka yi ta cewa jam'iyyarsa ba ta da tsari sai surutun intanet, ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, ya ci Legas da Abuja, ya ci Filato da Nasarawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya ce intanet iska ce kawai ya ji kunya a ranar. Amma Bola Tinubu ne ya yi nasara da miliyan 8.8, Atiku ya biyo da kusan miliyan 7, kuma mafi yawan ƙuri'unsu ta tsohuwar hanya suka zo: gwamnoni, shugabannin mazaɓa, malamai, masu unguwanni, atamfa da taliya da kuɗin mota. A Kano Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu ƙuri'a sama da dubu 997. Kwankwasiyya tana da mayaƙan intanet masu zafi, amma jar hular da ke kan titi da ɗaliban da aka tura karatu waje da wakilan da suka kwana a rumfunan zaɓe su ne ƙashin bayanta. Intanet ta ƙara wa mai tsari ƙarfi. Inda babu tsarin a ƙasa, ta kan tsaya a birane da harabar jami'o'i.

Akwai kuma alƙaluman da ya kamata su dami kowa. A 2011 fiye da rabin masu rajista sun fito zaɓen shugaban ƙasa. A 2015 kusan kashi 44 ne, a 2019 kusan 35, a 2023 kuwa ƙasa da kashi 27 na mutum miliyan 93 da suka yi rajista. Gaskiya ne cewa na'urar tantance masu zaɓe ta rage ƙuri'un bogi da a da ake cusawa, gaskiya ne kuma ƙarancin takardun naira da na mai sun hana mutane tafiya a 2023. Duk da haka, shekarun da muka fi kowane lokaci yin gardamar siyasa a waya su ne shekarun da muka fi ƙaurace wa akwati. Mutum ya yini yana fafatawa a Facebook, ya ji a ransa ya sauke nauyi, ranar Asabar ɗin zaɓe ya kwanta barci.

Inda wayar ta zama shaida

Amfanin waya na haƙiƙa a siyasarmu, a ganina, ba a wajen tallan ɗan takara yake ba. Yana wajen da talaka ya ɗaga ta ya ɗauki abin da idonsa ya gani.

Duba rumfar zaɓe da yamma, bayan an gama kaɗa ƙuri'a. Jami'in zaɓe, yawanci ɗan bautar ƙasa, ya zazzage akwati a kan tebur ko tabarma, ya riƙa ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi tare da shi. Duhu ya fara, aka kunna fitilun waya aka kewaye shi. Ya cike takardar sakamako, wadda ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu suka sa hannu. Kafin ya naɗe ta, hannaye ashirin sun miƙo, kowa ya ɗauki hotonta. A da, tsakanin wannan rumfa da cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa ne ake yin aika-aika: 35 ta koma 350 a cikin mota, babu mai hujjar musu. Yanzu hoton ya riga motar isa.

Dokar zaɓe ta 2022 da na'urar BVAS da shafin IReV sun zo ne don su mayar da wannan ɗabi'a aikin hukuma: a ɗauki hoton takardar a rumfa, a ɗora a intanet, kowa ya gani daga rumfuna sama da dubu 176. Mutane sun yarda, matasa da yawa saboda wannan alkawari suka yanki katin zaɓe. A ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya maƙale. INEC ta ce matsalar na'ura ce. A watan Oktoba Kotun Ƙoli ta yanke cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya rushe zaɓe ba, don shafin na kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare a nan. Ta fuskar amana kuwa an yi asarar da za a daɗe ba a mayar ba, domin an ce wa mutane su zuba ido, suka zuba, aka rufe tagar a daidai lokacin da suka fi buƙatar gani.

Amma a 2023 ɗin dai an ga ranar waya a Adamawa. A ranar 16 ga Afrilu kwamishinan zaɓe na jihar, Hudu Yunusa-Ari, ya zauna gaban jama'a ya ayyana Sanata Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci kujerar gwamna alhali ba a gama tattara sakamako ba, kuma doka ba shi ta ba wa hurumin sanarwar ba. Cikin sa'a guda bidiyon ya karaɗe ƙasa. Hedikwatar INEC ta soke sanarwar a ranar, aka kammala ƙirga, Ahmadu Fintiri ya koma kujerarsa. Da a zamanin da rediyon gwamnati kaɗai ke ba da labari ne, da wataƙila sai dai a haɗu a kotu bayan an rantsar.

Bidiyo ba kullum yake kayar da mai mulki ba. A watan Oktoban 2018 jaridar intanet ta Daily Nigerian, ta Jaafar Jaafar, ta saki faya-fayan da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗi ne, ya kai ƙara. Babu wayar da bidiyon bai shiga ba a Kano. A zaɓen Maris na 2019 abokin hamayyarsa Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a sama da dubu 26 aka ce zaɓe bai kammalu ba, kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin yara da manya. Aka sake zaɓe a wasu rumfuna, ciki har da mazaɓar Gama, cikin tashin hankalin da shi ma wayoyi suka ɗauka, Ganduje ya ci da tazarar da ba ta kai dubu 9 ba. Jama'a sun gani, sun ajiye, sai a 2023 suka fito da abin da ke ransu.

Tsakanin zaɓe da zaɓe ma akwai abin nunawa, kuma misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Bagega. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinare tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara, aƙalla 400 suka rasu. An share gubar daga wasu ƙauyuka, Bagega ta ƙaramar hukumar Anka ta rage. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce ba za su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a cikinta an yi aikin banza. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, wata da watanni shiru. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka je ƙauyen suka ɗauko hotuna da bayanai, suka fara gangamin da ya zama Follow The Money. Tare da ƙungiyar Human Rights Watch, aka yi wa shafin Facebook na Shugaba Jonathan ruwan tambayoyi kan yaran Bagega. A watan Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka fara aikin share ƙauyen, yara suka samu magani. Ba a zagi kowa ba, ba a ƙirƙiri komai ba. An riƙe alkawari guda, da adadin kuɗi, da sunan ƙauye, aka ƙi saki.

Irin wannan naci ne ya kai ga dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen Mayun 2018, wadda ta sauko da shekarun ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Shi ne ya ba matan Arewa ƙarfin halin fitowa a 2019 ƙarƙashin #ArewaMeToo su faɗi cin zarafin da aka saba binnewa a cikin gida. Shi ne kuma ake gani a bidiyoyin Bello Galadanci, wato Dan Bello, da ke ɗauko takardun kasafin kuɗi ya fassara su da Hausar da kowa zai gane. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya a Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu yara ne da aka kwaso daga Kano da Kaduna, an tsare su kusan wata uku, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Wani ya ɗauka a waya. Duk wanda ya ga haƙarƙarin yaran nan a bidiyon bai yi barci da daɗi ba. Bayan kwana uku shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Kuɗin da ake biya

Masu mulki sun san bambancin bakin haya da idon shaida, shi ya sa na farko yake samun muƙami, na biyu yake samun sammaci.

A farkon Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Buhari, gwamnati ta rufe shafin a faɗin ƙasa, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Kotun ECOWAS daga baya ta ce rufewar ta saɓa doka. A Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, an katse intanet ta waya kusan kwana goma. A Satumban 2021 a Najeriya aka kashe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna da sunan yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka koma tafiya mai nisa don su kira ɗan'uwa, kuma harin da aka kai wa ƙauye ba ya fitowa sai bayan kwanaki. Ko ba a rufe komai ba, tsada tana rufewa: ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data da hukumar NCC ta amince da shi a farkon 2025 ya fi cizon mai tura baro da ɗalibi fiye da ɗan midiyar da ake saya wa data.

Sai kamun ɗaiɗaiku. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan masu suka da 'yan jarida, kuma gyaran da aka yi masa a 2024 bai hana kame ba. Salihu Tanko Yakasai, mai taimaka wa gwamnan Kano kan yaɗa labarai, ya rasa muƙaminsa a Fabrairun 2021 ya kuma kwana hannun DSS bayan ya soki gwamnatin jam'iyyarsa kan sace ɗalibai. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda sun taɓa gwamna. A Nuwamban dai aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja kan rubutu guda da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa, sai da ƙasa ta ɗauki zafi ɗalibai suka yi barazanar zanga-zanga aka janye ƙarar. Jaafar Jaafar kuwa ya bar ƙasar a 2021, ya ce rayuwarsa na cikin haɗari.

Waɗannan duka an san inda suka shiga, an san inda suka fito. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗan Kwankwasiyya, mai kaifin alƙalami a Twitter. A farkon watan Agustan 2019, da tsakar dare, yana shiga gidansa a unguwar Barnawa ta Kaduna wasu mutane suka tare shi suka tafi da shi a cikin motarsa. DSS ta ce ba ya hannunta, 'yan sanda suka ce suna bincike. Ba a nemi kuɗin fansa ba. Ƙungiyar Amnesty International ta yi ta kira, abokansa suna tayar da maganar duk shekara idan Agusta ta zagayo, da tambaya guda: ina Dadiyata? An sauya gwamna a Kaduna, an sauya a Kano, an sauya shugaban ƙasa a Abuja, kuma cikin waɗanda suka hau har da mutanen da ya yi wa yaƙi da wayarsa. Matarsa da 'ya'yansa suna da haƙƙin a gaya musu abin da ya same shi, kuma har yanzu babu hukumar da ta yi hakan.